Fitilun Kaka da Tabon Hannun Abba

Allah da ya ba mu aron kakana ya karɓi abinsa ranar wata Talata, cikin sanyin ƙarshen shekara, kuma wurinsa dukkanmu muka nufa. An yi masa salla a masallacin Whitechapel da ke London, aka kai shi makwancinsa, jama'a suka biyo mu gida Plumstead. Falo ya cika, kicin ya cika, har matakalar bene mutane ne zaune da kofin shayi a hannu. Takalma suka taru a bakin ƙofa har maƙwabciyarmu Baturiya ta fito tana tambaya ko ta kawo mana kwali.

Abu biyu ne suka tsaya wa masu gaisuwa a rai. Na farko wani dogon abu mai ƙafa huɗu da ke ɗakin baya, wanda Goggo, ƙanwar mahaifina, ta lulluɓe da zanin gado tun kafin baƙi su fara zuwa. Wata Hajiya daga Abbey Wood ta ɗora masa kular tuwonta, a zatonta firiza ce. Wani dattijo ɗan Gana, abokin Kaka na masallaci, ya ɗaga gefen zanin ya leƙa, ya saki, ya ce, "Kai! Abin nan yana nan har yanzu? Gida bai ƙone ba, mun gode Allah." Goggo ta yi kamar ba ta ji ba. Ita tsoronta kada a fita ana cewa Alhaji ya rasu ya bar injin caca a ɗaka.

Na biyu kuwa fuskar mahaifina ce. Abba shi ne ɗan fari, mutane sun zo da shirin ba shi haƙuri, sai suka tarar da mutum zaune hankalinsa kwance, yana amsa gaisuwa yana shafa wani tabo a tafin hannunsa na dama. Da liman ya ce, "Allah ya haskaka kabarinsa," kowa ya ce amin, ni kuma daga bakin ƙofa na ce ƙasa-ƙasa, "In dai ba shi zai haɗa wayar ba." Goggo ta mintsine ni a cinya. Ni jika ce, kuma jika ba ta da birki a kan kakanta, ko yana raye ko ya tafi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne Abba ya ji, kuma dariya ta ƙwace masa har ya rufe baki da hularsa.

Na ga irin kallon da wasu suka yi masa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin a juya labarin. Abba yana kewar mahaifinsa, ni shaida ce. Amma akwai wani dutse da ya daɗe a ƙirjinsa wanda Allah ya sauke masa kafin rasuwar, kuma duk wanda aka sauke wa irin wannan, fuskarsa ba ta iya ɓoyewa.

Abin da ke ƙarƙashin zanin injin wasan nan ne da Turawa ke kira pinball. Tebur ne mai gangara, an rufe shi da gilashi, ƙwallon ƙarfe na yawo a ciki, kana danna maɓalli biyu a gefe wasu 'yan hannuwa suna bugo shi sama kada ya faɗa rami. A kansa akwai allo a tsaye mai zane-zane, ciki da waje duk ƙananan fitilu ne. Kaka ya fara ganin irinsa ne lokacin da ya zo karatu, a wani shagon shayi da yake fakewa saboda ɗakinsa babu abin ɗumama jiki. Ya ce bai taɓa saka ko sisi ba, tsayawa kawai yake yi yana kallon fitilun har yatsunsa su saki. Bayan ya yi ritaya daga aikin haɗa magani, ya ga wani yana fitar da mataccen irinsa daga gareji, ya sa aka kawo masa gida. Abin da ya fara yi shi ne toshe ramin kuɗin da ɗanko, don kada wani ya kawo masa maganar caca. Goggo dai ba ta taɓa gamsuwa ba.

A wajen magani Kaka ba ya kuskure, kowa ya shaide shi. A wajen waya kuwa, Allah ya gafarta masa, bai iya komai ba, kuma bai san bai iya ba. Injin wani makaniki ne ya tayar masa, amma fitilu ya ce nasa ne, ba mai taɓa su. Duk bayan kirsimeti sai ya je ya kwaso fitilun ado da aka karyar da kuɗinsu, ya yanka, ya haɗa da wayar tsohuwar rediyo da ƙwan fitilar keke, ya liƙe da dalma. Launi kuma da takardar alewa yake yi, ya naɗe ƙwan fitila da ita, in ta ƙi sai ya saci jan farcena ya shafa. Ɗakin kullum warin abu mai ƙuna yake yi. In ka tambaye shi yaushe zai gama, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." In kuma ya jona wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, sai ka ji muryarsa cikin duhu, babu ko kunya: "Ba ni ba ne, wutar ƙasar nan ce."

Sau da yawa an nuna masa cewa akwai fitilun kanti da ake yi musamman don irin injin nan, a kwali ɗaya, kowane ƙwai da wurinsa, ba liƙi ba ƙuna. Sai ya karɓi wayar mutum, ya nisanta ta da fuskarsa, ya duba hoton, ya miƙo. "Wannan ai hasken ɗakin tiyata ne," in ji shi. "Ni haɗin gida nake ci."

Ɗalibai sababbin zuwa sun san ɗakin nan. Ya kan tsinto su a masallaci, waɗanda ya ga sun yi zuru-zuru da sanyi da kewar gida, ya kawo su, ya sa a dafa musu shayi mai citta, ya tsayar da su gaban injin ya ce, "Buga har jikinka ya saki." Ba ya tambayar mutum damuwarsa. Ɗaya daga cikinsu, yanzu babban likita ne da furfurarsa, ya zo gaisuwa ya roƙi Goggo ta bar shi ya ɗaga zanin. Ta hana.

Ni na zauna da su Kaka lokacin da na zo karatu daga Kano, kafin iyayena su sami gida mai ɗakin da zai ɗauke ni. Shi yana kirana amaryarsa, ni ina kiransa Tsoho, kullum yana barazanar zai sake ni saboda shayina ba ya daɗi. Da ni yana zuba kamar rediyo. Da Abba kuwa kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya dubansa ido cikin ido, ko suna ɗaki ɗaya sai ya juyo wurina ya ce, "Gaya wa ubanki ya rage gudu a mota." Magana ɗaya tak yake yi masa kai tsaye. Duk Asabar in Abba ya zo gaisuwa ya tashi tafiya, yana kaiwa bakin ƙofa sai Kaka ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Abba ya ce amin, ya fita. Tun tasowarsa da wannan yake rayuwa, kuma ya ishe shi.

Sai Inna, kakata mace, ta fara mantuwa. Da safe lafiya lau take, ta gane kowa, ta yi faɗan gishiri a miya. Amma da rana ta yi sanyi duhu ya fara shigowa, sai ta tashi ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa, wai za ta gidansu, mahaifiyarta na jiranta. Mahaifiyar da ta rasu tun kafin a haife ni. In an tare ta, kuka take yi. Wata rana Kaka ya kama hannunta ya kai ta ɗakin baya, ya kashe fitilar sama, ya kunna injin. Fitilun nan nasa masu rauni, ruwan ɗorawa da ja-ja, wasu na lumshewa saboda liƙin bai kama ba, suka kama cikin duhu. Inna ta tsaya. Ya ce mata, "Kin gani, kasuwa ta ci. Ki bari a tashi tukuna, sai in raka ki." Tana yarinya, mahaifiyarta na soya ƙosai a kasuwar dare, tsakiyar fitilun aci-balbal. Ta zauna a kujera da ƙunshinta a cinya, tana kallo, har barci ya ɗauke ta.

Daga ranar sunan injin ya koma Kasuwa. Ita ce ke zaɓar masa launi, ta ce wannan ya yi haske da yawa, a rage, wancan na mai tsire ne, a ƙara masa ja. Da rana ta zauna tana miƙar da takardun alewa da farcenta. Kaka ya ja min kunne kada in gaya wa kowa yadda take komawa da yamma, har 'ya'yanta, don yana so su riƙe ta yadda suka san ta. Abba da safe yake zuwa, saboda haka bai taɓa gani ba.

Bayan Inna ta rasu na sami aiki a wani gari, Kaka ya rage shi kaɗai. Kullum da magariba sai ya kunna Kasuwa. Wata rana ya bar ta a kunne ya shiga alwala, takardar alewa ta narke a jikin ƙwai mai zafi, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, maƙwabciya ta kira 'yan kwana-kwana. Wuta ba ta kama ba, amma hayaƙin ya taɓa masa ƙirji, aka kwantar da shi asibiti. A can kuma likitoci suka gano zuciyarsa ta yi rauni sosai.

Abba mutumin lissafi ne, a council, wato ƙaramar hukuma, yake aiki, ba ya son abu a karkace. Ya tsorata ƙwarai, kuma da gaskiyarsa. Ya yi odar fitilun kanti na LED, waɗanda ba sa zafi, ya zauna da bidiyo a wayarsa ya saka su tsaf cikin yini guda. Tarkacen Kaka duka, waya da ƙwai da takardu, ya tattara a baƙar leda ya kai bola, motar shara ta kwashe. Ya yi ne don ya faranta masa. Da aka sallamo Kaka, Abba ya kai shi ɗakin yana murmushi, ya danna maɓalli. Haske fari fat, mai shuɗi-shuɗi, ya cika ɗakin har ana ganin ƙurar labule.

Goggo ce ta ba ni labari, don tana wurin. Ta ce Kaka ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta, ita, "Ina nawa?" Abba ya amsa, "Baba, na zubar. Sun kusa kashe ka." Kaka ya juya ya fita daga ɗakin. Da Abba ya tashi tafiya ya kai bakin ƙofa, bai ji komai ba.

Haka aka shiga watanni. Abba bai fasa zuwa ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, Kaka ya ce "Lafiya," shi ke nan. Na dawo London a tsakiyar wannan, na ga abin da ya karya min zuciya: mahaifina, mutum mai furfura a gemu, yana zaune a matakala yana ɗaure igiyar takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurewa, kunnensa na falo. Ya daina sa takalmin da ake zurawa kawai don ya sami dalilin jinkiri. Ya ba da haƙuri, ya turo liman, ya turo abokin nan ɗan Gana, Kaka ya ce shi bai ce an yi masa laifi ba. Likita kuwa ya riga ya gaya mana mu shirya. Umma, mahaifiyata, ta ce min Abba ya daina cin abincin kirki, kuma ta ji shi a sujada yana roƙon kada a ɗauki mahaifinsa yana fushi da shi. Ni ma tsoron da nake kwana da shi ke nan.

Wata ranar Laraba na biya ba tare da na yi waya ba. Ina buɗe ƙofa na ji ƙarar ƙwallo da ƙararrawa daga ɗakin baya. Mutumin da ya rantse wa Goggo bai ƙara taɓa injin ba, ga shi tsaye ya jingina da sanda, hula ta karkace, yana bugu kamar ɗan makaranta.

Na ce, "Tsoho, asirinka ya tonu."

Ya ce, "Ƙura nake gogewa."

"Da hannu biyu a kan maɓalli?"

Ƙwallon ya faɗa rami. Ya ja kujerar Inna ya zauna yana haki. Can ya ce, "Ina ganin ƙwallon. Rabona da in gan shi sosai har na manta. Abin yaron nan yana da kyau, ƙarya ba ta da amfani."

"To me ya hana ka faɗa masa? Mutum na can yana ramewa kamar an sa shi azumin dole."

Ya dubi allon da ke tsaye, mai farin haske, ya ce, "Ƙwallon nake gani. Ita ce ba na gani."

 Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Da na ga ya ɗan nutsu na ce masa zan gaya wa Abba komai, game da Inna da magariba da Kasuwa, domin ba a hukunta mutum a kan abin da aka ɓoye masa. Ya ce in na faɗa ya sake ni saki uku. Na ce na ji, dama shayinsa ya ishe ni. Bai ce kada in faɗa ba.

A mota na gaya wa Abba, a gefen titi. Ya riƙe sitiyari, ya ce, "Ita ta miƙe takardun da hannunta?" Na ce ita ce. Ya kifa kansa. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar.

Asabar ta gaba ya zo da jaka: ƙarfen liƙi, dalma, waya, ƙananan ƙwai, da gwangwanin alewa da ya sa 'ya'yan Goggo suka cinye don a sami takardun. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka koya min." Kaka ya juyo wurina. "Gaya wa ubanki na teburin su zauna yadda suke. Na allon sama za a cire." Haka aka raba gardamar haɗin gida da na kanti, ba tare da kowa ya ce ya sauko ba. Ƙwan da Abba ya sayo irin waɗanda ba sa zafi ne, masu haske ruwan ɗorawa. Kaka ya juya ɗaya a hannunsa, ya gane sarai, ya yi kamar bai gane ba.

Asabar bayan Asabar suna ɗakin nan. Kaka a keken guragu yanzu, hannunsa na rawa, yana nuni da sanda, ni a tsakiya ina tafinta tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke gugar juna. "Gaya wa ubanki dalmar ta yi yawa." "Gaya wa ubanki wannan na mai ƙosai ne, a rage shi." Abba ya gaji hannun ubansa tas, liƙinsa duk dunƙule-dunƙule. Ranar da suka fara jonawa wutar gidan ta ɗauke, har firiza. Cikin duhu na ji muryar Abba, a hankali: "Ba ni ba ne, wutar ƙasar nan ce." Na ji wani sauti daga keken Kaka wanda ya yi saurin mayarwa tari. Amma da Abba ya kai bakin ƙofa ranar, shiru ne dai. Ya ɗaure takalminsa ya tafi.

Ranar da abin ya faru saura 'yan ƙwai kaɗan a gama. Ƙarfen liƙin yana ajiye a gefen tebur, ya yi zafi, Kaka ya ɗaga sanda zai nuna wani abu, sandar ta harɗe igiyar ƙarfen. Ƙarfen ya gangaro zai faɗa a cinyar Kaka. Abba ya cafe shi a iska, ta wajen zafin. Ya ajiye shi a ƙasa, bai yi ko ƙara ba, sai iska da ya ja ta haƙora. Na tashi zan kawo ruwan sanyi, Kaka ya riga ni. Ya kama hannun ɗansa da hannuwansa biyu, ya buɗe tafin, ya kawo shi kusa da idonsa. A iya sanina bai taɓa riƙe shi haka ba tun yana jariri, in ma ya riƙe. Bai juyo wurina ba. Ya dubi Abba ya ce, "Hannunka irin nawa ne. Bai iya komai ba." Ya hura masa iska a wurin, kamar yadda ake yi wa yaro. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya yi maka albarka, kai da abin da ka haifa."

Abba ya buɗe baki zai ce amin, muryar ta ƙi fita. Ni na faɗa a madadinsa, da ƙarfi, har sau biyu.

Da hannu a naɗe ya ƙarasa sauran ƙwan. Da magariba muka kashe fitilar sama. Allon ya kama, ja-ja da ruwan ɗorawa, ɗaya na lumshewa a kusurwa saboda liƙin bai kama ba. Abba ya miƙa hannu zai gyara, Kaka ya ce a bar shi haka. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kasuwa ta ci." Bai yi wata biyu ba bayan nan, kuma duk Asabar ɗin da ta rage, Abba bai ƙara jinkiri a kan takalmi ba.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa, ya haɗa shi da Inna a inda ba a mantuwa. Allah ya haskaka kabarinsa, wannan karon da gaske nake, ba tsokana.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Abba ya yaye zanin da kansa ya ninke ya miƙa wa Goggo. Kasuwa gidanmu za ta koma, an riga an yi hayar motar da za ta ɗauke ta. Muna zaune Umma ta kamo hannunsa ta duba tabon, ta ce ya yi baƙi, bari ta kawo man kaɗe a riƙa shafawa, a hankali zai ɓace. Abba ya janye hannunsa ya rufe tafin.

Ya ce, "Bar shi."